Ragowar Makamashin da Amurka Ta Kasa Tacewa

Ranar 18 ga Mayu 1974 Indiya ta tayar da bam ɗin nukiliya a ƙarƙashin hamadar Pokhran. Sinadarin fulutoniyam ɗin da ta haɗa shi da shi ba sayowa ta yi ba. Tacewa ta yi daga ragowar makamashin wata tashar bincike da Kanada ta taimaka aka gina. Hankalin Amurka ya tashi, domin irin wannan tacewar ce kamfanoninta ke shirin mayarwa sana'a.

Wannan ragowar da ake kira shara ba sharar banza ba ce. Kusan kashi 95 cikin ɗari na sandunan makamashin da aka fitar daga tashar nukiliya yuraniyam ne, kashi ɗaya kuma fulutoniyam. In an narka su cikin asid aka ware, sai su koma makamashi. Amma wannan kashi ɗayan shi ne kayan bam.

A Oktoban 1976 Shugaba Gerald Ford ya jingine shirin tacewar a Amurka. Jimmy Carter ya zo ranar 7 ga Afrilu 1977 ya dakatar da shi sai abin da hali ya yi. Har yau shi ake ɗora wa laifi, alhali tun kafin zuwansa kasuwar ta soma rubewa. Masana'antar tacewa ta West Valley a jihar New York ta yi aiki daga 1966 zuwa 1972, aka rufe ta don gyara, ba ta sake buɗewa ba, ta bar wa gwamnati gurɓataccen ruwa da ɗawainiyar biliyoyin daloli. Ronald Reagan ya ɗage takunkumin a 1981, amma ba ɗan kasuwar da ya leƙo. Sabon yuraniyam ya fi arha, magana ta ƙare.

Faransa kuwa, wadda a baya ta daɗe tana kwasar yuraniyam daga Arlit a Nijar, ta riƙe masana'antarta ta tacewa da ke La Hague, don a can gwamnati ce uwa da makarɓiya.

Yanzu masu ƙera ƙananan tashoshin zamani sun tado da maganar, suna cewa injinansu za su iya cin ragowar, kuma a Mayun 2025 Donald Trump ya umarci a sake duba manufar Amurka kan tacewa. Ragowar dai a Amurka ta kai tan wajen 90,000, tana jibge a harabar tashoshi cikin tafkuna da tulunan kankare. Gwamnati ta yi alkawarin fara kwashewa a 1998, ta saɓa, shi ya sa take biyan kamfanonin lantarki diyya har yanzu.