Folka a Ƙasar Ailan: Tarihin Wani Saɓani Tsakanin Makaɗa

Makaɗan gargajiya na ƙasar Ailan suna da al'adar haɗuwa da dare a mashaya ko a gidan wani, su yi ta kiɗa tare. A irin wannan zama, idan wani ya tayar da kiɗan folka, sai ka ga wasu sun gyara zama da murna, wasu kuwa sun ajiye gogensu sun jira a gama. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka yi kiɗa ɗaya ya raba kan ƴan sana'a ɗaya.

Folka ba a Ailan aka haife ta ba. Rawa ce da ta ɓullo a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, wajen shekarun 1830. Ta isa Faris a 1840, ta kama Landan a 1844. Da ta shigo Ailan, mutanen karkara suka haɗa ta da wata rawar da ta zo daga Faransa, wadda maza huɗu da mata huɗu kan yi a tsakar ɗaki. Kiɗan yana da sauri, bugu biyu ne a kowace gaɓa, kuma sautukansa ba su da yawa. Wannan sauƙin shi ne ya jawo mata masoya, shi ne kuma ya jawo mata raini.

Rainin farko na siyasa ne. A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge domin farfaɗo da harshe da al'adun Ailan, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Ingila. Ƴan ƙungiyar suka riƙa tace raye-raye, suna ware na gida da na baƙi, rawar mutum takwas ɗin nan kuma ta faɗa cikin na baƙi. Abin dariya a nan shi ne, kiɗan ril, wanda aka ɗauka shi ne ɗan gida, yawancin masana sun yarda daga Sikotilan ya shigo a ƙarni na 18. Ya dai riga folka zuwa ne kawai. A 1907 Francis O'Neill, tsohon shugaban ƴan sandan Shikago kuma ɗan asalin gundumar Cork, ya buga littafin kiɗan rawa mai ɗauke da kiɗa 1001. Ya ba ril 350, bai keɓe wa folka sashe ba. Makaɗa suka mayar da littafin abin dogaro.

Sai garmaho ya zo. Michael Coleman, mai goge daga gundumar Sligo, ya tafi Amurka a 1914, ya soma naɗar fayafai a Niyok daga 1921. Fayafan suka dawo gida, matasa suka ji yadda yake yi wa ril ado da gudun yatsa, kowa ya so ya zama shi. Daga nan ma'aunin gwaninta ya zama ril. A 1935 kuma gwamnati ta yi dokar da ta ce sai da lasisi za a shirya rawar jama'a, raye-rayen da ake yi a gidaje suka ja baya. Kiɗan da ba shi da armashi sai da masu rawa ya rasa inda zai tsaya.

Amma akwai inda ba a saki folka ba, wato Sliabh Luachra, yankin tuddai a kan iyakar gundumomin Kerry da Cork. Can ne Pádraig O'Keeffe (1887–1963) ya rayu. Malamin makaranta ne da ya bar aikin, ya koma yawo a ƙasa daga gida zuwa gida yana koyar da goge. (Gogen nasu tsirkiya huɗu gare shi, ba ɗaya ba kamar namu.) Ya ƙirƙiro tasa hanyar rubuta kiɗa da lambobi domin almajiransa, har da nuna musu inda za su ja izga da inda za su tura. Cikin almajiran akwai Denis Murphy da ƙanwarsa Julia Clifford. Wanda ya saurari faifan da suka fitar a 1969, The Star above the Garter, zai gane kuskuren masu cewa folka kiɗan ƴan koyo ne. Ƴan yankin sukan danna bugu na biyu maimakon na farko, sai kiɗan ya riƙa ɗaga ƙafar mai rawa. Baƙon da ya iya ril ƙwarai yakan kaɗa sautukan daidai, amma ya kasa wannan ɗagawar. A ganina rabin ƙiyayyar da ake yi wa folka daga nan ta fito: mutum ya ji ta a hannun wanda bai iya ba, ya yanke mata hukunci.

Daga shekarun 1970 lamarin ya juya. Ƙungiyar Planxty ta saka folkar John Ryan a faifanta na 1974. Jackie Daly da Séamus Creagh suka fitar da nasu a 1977. A shekarun 1980 rawar mutum takwas ta dawo da ƙarfi har a birane, aka sake neman masu kaɗa folka.

Da haka saɓanin ya sauya kama. A 1997 aka ji folkar John Ryan a fim ɗin Titanic, wurin da talakawan fasinja ke rawa a ƙasan jirgi. Duniya ta san ta, masu koyo suka yi mata ca. Wasu tsofaffin makaɗa suka ce sun ƙoshi da ita, an kaɗa ta har ta sire musu. Wasu suka ce ai kiɗan da ke tayar da mutane tsaye ya yi aikinsa. Masoyan salon Sliabh Luachra kuwa ƙorafinsu daban ne. Su ba yawan kaɗawar ya dame su ba, gudun da ake yi da ita a dandamali ne, wanda mutum takwas a tsakar ɗaki ba za su iya bi da ƙafa ba.