Marw: Birnin Da Muke Ji A Wutsiyar Sunayen Malamai

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure, ko ya saurari karatun hadisi a rediyo, ya ji ana cewa Nasa'i ya ruwaito, ko an ambaci wani Almarwazi, ko Zamakhshari mai tafsirin Kashshaf. Waɗannan fa sunayen garuruwa ne, kamar yadda za a ce Bakano ko Bakatsine, kuma garuruwan duka suna cikin ƙasa guda a yau, wato Turkmenistan, wadda ke arewa da Iran da Afganistan, wadda ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991. Nasa ta Imam Nasa'i kufai ce yanzu, kamar kilomita 18 daga Ashgabat babban birnin ƙasar, kuma tun kafin Musulunci fadar sarakunan Fartiya ce. Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Marw.

Mai karatu, mafi yawan ƙasar nan hamada ce da ake kira Karakum. Kogin Murgab ne ke gangarowa daga duwatsun Afganistan ya zo ya ƙare a cikin rairayi, to a daidai inda yake ƙarewa ne aka kafa Marw tun kusan shekara 2,500 da suka wuce. Ran garin yana rataye ne da madatsar ruwa guda ɗaya da ke kudu da shi. Marubutan ƙarni na 10 sun ce sarkin ruwa na Marw yana da ma'aikata kusan 10,000 a ƙarƙashinsa, akwai masu ninƙaya da ke gyaran madatsar har cikin sanyin hunturu, sannan akwai allo mai zane-zane da aka kafa a cikin ruwa, da shi ake auna ko bana za a ƙoshi ko za a sha wuya. Ku riƙe maganar madatsar nan, za mu dawo kanta.

A kusa da Marw aka kashe Yazdajirdu, Kisra na ƙarshe, a 651, yana gudun rundunar Musulmi. Sahabbai biyu, Buraida ɗan Husaib Al'aslami da Hakam ɗan Amru Algifari, Allah Ya ƙara musu yarda, a nan aka binne su, kuma har yau ana ziyartar kushewarsu. A nan Abu Muslim Alkhurasani ya ɗaga baƙaƙen tutoci a 747, bayan shekara uku daular Umayyawa ta faɗi, Abbasawa suka hau. Shi kuwa Halifa Ma'amun, da ya ci ɗan'uwansa Amin da yaƙi a 813, ƙin komawa Bagadaza ya yi, ya ci gaba da mulkin duniyar Musulmi daga Marw har 818.

Ni dai ba sarakunan ne suka fi burge ni ba. Abdullahi ɗan Mubarak ɗan Marw ne, haka Ishaƙ ɗan Rahawaihi, malamin Bukhari. Sannan shi kansa Sahihul Bukhari da ake karantawa a masallatanmu, ta wannan ƙasa ya biyo kafin ya iso gare mu. Almajirin da ruwayarsa ta fi yaɗuwa shi ne Firabri, mutumin wani gari a bakin kogin Jaihun wanda yau ake kira Amu Darya. Daga gare shi Kushmihani ya ɗauka, shi kuma Kushmaihan ƙauye ne na Marw. Daga Kushmihani sai wata mace, Karima 'yar Ahmad Almarwaziyya, wadda ta koma Makka ta zauna tana karantarwa har ta rasu a 463 bayan Hijira, tana da kusan shekara 100, ba ta taɓa aure ba. Ba ta yarda a ruwaito daga gare ta sai an gwada kwafin mutum da nata. Babban malami irin Khaɗib Albagdadi ya durƙusa gabanta ya karance littafin cikin kwana biyar. Da a littafin hikaya na ƙirƙiro mace irin wannan, da wasu sun ce marubutan nan namu sun fara koya wa mata ƙin aure, to ga ta nan a cikin salsalar Bukhari, kuma manyan masu sharhinsa suna ambaton ruwayarta da girmamawa.

Turkumawa su ne suka kai birnin ƙololuwa. Saljuƙawa, waɗanda asalinsu makiyaya ne daga ƙabilun Oguz, sun karya rundunar Sarki Mas'ud na Gazna a Dandanaƙan kusa da Marw a 1040, daga nan daularsu ta miƙa har Bagadaza. Sultan Sanjar ya mai da Marw fadarsa, ya rasu a 1157, aka binne shi a ƙarƙashin wata ƙubba mai shuɗin ado wadda aka ce matafiyi yana hango ta tun da sauran tafiyar yini guda. Yaƙut Alhamawi, mai littafin Mu'ujamul Buldan, ya yi shekara uku a garin. Ya ƙirga ɗakunan karatu goma na waƙafi, ɗaya daga ciki yana da mujalladi kusan 12,000, kuma ya ce gidansa ba ya rabuwa da aron littattafai 200 ko fiye, ba tare da an karɓi jingina ba. Wanda ya taɓa ba da aron littafi guda bai dawo ba shi ya san nauyin wannan magana.

Yaƙut ya bar garin ne da jin ƙishin-ƙishin ɗin Mongol. A 1221 Tolui ɗan Jengis Khan ya yi wa Marw ƙawanya, bayan kamar mako guda aka buɗe ƙofa bisa alkawarin aminci. Sai aka fitar da mutane bayan gari, aka ware masu sana'ar hannu 400 da wasu yara, aka rarraba sauran ga sojoji suka karkashe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ibnul Asir ya ce an kashe 700,000, Juwaini ya ce sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Masana na yanzu suna ganin an yi ƙari a lissafin, amma ba wanda ke musun cewa an ƙona ɗakunan karatun, an kuma fasa madatsar.

A ganina fasa madatsar nan ya fi takobin illa, domin ko an kashe mutane, wasu za su zo su zauna muddin akwai ruwa. Ai an gani: da Shah Rukh ɗan Taimur ya gyara ta a farkon ƙarni na 15, sai gari ya sake tashi a gefen tsohon, ko da yake bai kai rabinsa ba. Da Shah Murad, sarkin Bukhara, ya sake fasa ta a ƙarshen ƙarni na 18 ya kwashe mutanen, shi ke nan, Marw ba ta ƙara tashi ba. Haka ta faru da Gurganj a arewacin ƙasar, inda aka binne Zamakhshari. Mongol sun rushe shi a 1221, Shehu Najmuddin Kubra ya yi shahada a ciki, amma ya farfaɗo, har Ibn Baɗɗuɗa ya ce ya shiga kasuwarsa ya kasa wucewa saboda cunkoso. Taimur ya sake baje shi a 1388, ya sa aka shuka sha'ir a wurin, duk da haka mutane suka dawo. Sai da kogin Amu Darya ya sauya hanya sannan suka watse, suka bar hasumiya mai tsawon kusan mita 60 tsaye a fili.

Kufan Marw yana kusa da garin Bairam Ali, kamar kilomita 30 gabas da birnin Mary na yanzu, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1999. Birane biyar ne a jere, kowanne da ganuwarsa ta tubalin ƙasa, domin mutanen Marw ba sa gini a kan tsohon gari, matsawa gefe suke yi su bi ruwa. Shuɗin adon ƙubbar Sanjar ya zube tun da daɗewa, amma ginin yana nan a tsakiyar fili, raƙuma na kiwo a inda kasuwa take a da.