Hukuncin Laɓewa da Kwanton Ɓauna a Wasan PUBG

Tambaya: Malam, a PUBG nakan kwanta cikin ciyawa ko in laɓe a ɗaki, abokin karawa ya wuce in harbe shi ta baya. Ha'inci ne?

Amsa: Ba ha'inci ba ne. Mutum 100 ake saukewa a tsibiri, kowa ya shiga da sanin za a yi masa kwanto, kuma da'irar tana tsukewa ta fito da mai ɓuya dole. Ha'inci shi ne sa manhajar da ke nuna mutane ta bayan bango, wannan haramun ne. Zuba kuɗi kuwa caca ce. Abin da nake jiye wa mai laɓewa shi ne sallah, don shi ke daɗewa a ciki, wani lokaci kusan minti 30, wasan kuma ba a dakatar da shi. Kada ka fara idan Magariba ta gabato. Wallahu a'alam.