Ƙananan jiragen sama masu rimot: abin da ya kamata a sani kafin a tashe su

Ƙaramin jirgin sama mai rimot shi ne wanda mutum yake tuƙawa daga ƙasa ta hanyar saƙon rediyo. Iri uku aka fi sani: mai fukafukai kamar jirgin fasinja, mai saukar ungulu, da mai farfela huɗu, wanda aka fi kira jirgi maras matuƙi. Wannan na ukun ne masu ɗaukar hoto suke zuwa da shi wajen biki da hawan sallah, daga Maraɗi zuwa Garwa har zangon Kumasi. Mutane da yawa suna ɗaukarsa abin wasan yara, alhali farfelarsa tana yanke yatsa, batirinsa yana iya tayar da gobara, kuma tashinsa babu izini yana iya kai mai shi hannun jandarma. Yawancin waɗannan matsaloli a ƙasa ake magance su, tun jirgin bai tashi ba.

Asali

Wasu tagwaye Amurkawa, Walter da William Good, suna cikin waɗanda suka fara tuƙa irin wannan jirgi da rediyo a ƙarshen shekarun 1930. A watan Agusta na 2003, wani ƙaramin jirgi mai nauyin kilo 5 da Maynard Hill ya ƙera ya ƙetare tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ayaland, tafiyar kusan kilomita 3,000 cikin awa 39. A da ana amfani da zangon rediyo na MHz 27, 35 ko 72, inda rimot biyu a zango ɗaya kan rikita juna har jirgi ya faɗo. Rimot na yanzu suna aiki a GHz 2.4, kuma kowane yana ɗaure da jirginsa.

Izini ba ya ƙetare iyaka

Kowace ƙasa tana da hukumar da ke kula da sararin samaniyarta: ANAC a Nijar, ADAC a Chadi, CCAA a Kamaru, GCAA a Ghana, NCAA a Najeriya. Tun 2016 Ghana ta wajabta rajistar jirage marasa matuƙa. A wannan shekarar ce Najeriya ta hana tashinsu sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Takardar da aka samu a wata ƙasa ba ta aiki a maƙwabciyarta, don haka mai ɗaukar hoton da aka gayyata biki a ƙetaren iyaka sai ya nemi izinin can, ya kuma bayyana wa jami'an duwan jirgin da ke cikin kayansa. A yankin tafkin Chadi da sauran wuraren da ake fama da rashin tsaro, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun yi amfani da irin jiragen da ake sayarwa a kasuwa, shi ya sa sojoji ba sa ɗaukar ganinsu da wasa.

Inda ake tashi da inda ba a tashi

Wurin da ya dace shi ne fili mai faɗi, nesa da gidaje, hanyar mota, wayoyin lantarki da dogayen eriyoyin waya. Ba a kusantar filin jirgin sama, barikin soja, gidan yari ko fadar shugaban ƙasa. A watan Disamba na 2018, rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, lamarin da ya shafi tashi da sauka kusan 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000.

A Tarayyar Turai da Amurka iyakar tashi sama ita ce mita 120, kuma ƙasashe da dama sun ɗauki wannan ma'auni, saboda jiragen da ke ɗauke da mutane kan bi sama da haka. Ba a bi ta kan taron jama'a. A wajen biki, mai tuƙi yakan tsaya a gefe ya ɗauko hoton daga nesa, domin jirgi mai kilo ɗaya da ya faɗo daga sama ya isa ya fasa kai. Dawakai kuma suna firgita da ƙarar farfela. Haka nan leƙa tsakar gidan mutane da kyamara keta haddi ne ko da doka ba ta ambata ba.

Batir

Yawancin jiragen nan suna aiki da batirin lityum da ake kira LiPo. Kowane ɗaki na batirin yana cika a volt 4.2, kuma yana lalacewa idan ya sauka ƙasa da volt 3. Idan za a ajiye shi kwanaki, ana barinsa a wajen volt 3.8. Ana cajinsa da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti, nesa da katifa da labule, kuma ba a tafiya a bar shi ko a kwanta barci. Yana da kyau a ajiye bokitin yashi a kusa. Batirin da ya kumbura ko ya huje an gama da shi. Ba a barinsa cikin mota a rana, ba a kuma sa shi caji da zafinsa bayan sauka. Mai tafiya ta jirgin fasinja yakan riƙe batir a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba.

Dubawa kafin tashi

Rimot ake fara kunnawa, sannan a haɗa batirin jirgi. Bayan sauka kuma jirgin ake fara kashewa. Ana cire farfela duk lokacin da za a yi gyara ko saiti a gida. Ana duba farfela ko ta tsage, a taɓa kowane kusa ko ya yi sako-sako, a motsa sandunan rimot a ga ko jela da fukafukai suna juyawa inda ya kamata. A jirgi mai fukafukai, ana ɗora shi kan yatsu biyu a wurin da kamfani ya nuna, galibi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Idan jela ta rinjaya, jirgin ba zai tuƙu ba.

Sai kuma saitin abin da jirgin zai yi idan saƙon rimot ya yanke. A mai fukafukai, injin ya mutu. A mai farfela huɗu, a jira ya kama tauraron ɗan adam ya rubuta wurin da ya tashi, a kuma sa masa tsayin dawowa da ya wuce itatuwan wurin.

A sama

Jirgi mai fukafukai yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska. Idon mai tuƙi ba ya barin jirgin. Wanda zai kalli allon waya yana buƙatar mataimaki da zai riƙa kallon sama. Abin da ya fi rikita sabon hannu shi ne lokacin da jirgin ya juyo yana fuskantarsa, domin dama da hagu suna sauyawa. Shi ya sa ake fara koyo a manhajar kwaikwayo ta kwamfuta, ko tare da gwani mai rimot na biyu da zai karɓe tuƙi. Ana saukowa tun batir yana da saura kamar kashi 30 cikin ɗari, musamman idan a hanyar dawowa za a fuskanci iska.

Yanayin Sahel

A hunturu, hazo yana ɓoye ƙaramin jirgi tun bai yi nisa ba, ƙura kuma tana shiga inji, don haka ana tashi daga kan tabarma ko allo maimakon rairayi. A bazara, zafi yakan wuce digiri 40, iyakar da kamfanoni da yawa suka rubuta wa jiragensu, iska kuma takan yi sauƙi har farfela ta ƙara wahala. Sanyin safiya ya fi dacewa. Da damina, da zarar hadari ya taso a sauko, domin iskar da ke gabansa tana zuwa ba sallama. Idan shaho ko shirwa ta fara kewaya jirgin, a janye daga wurin.

Duk lokacin da aka ji ko aka ga jirgi mai ɗauke da mutane, ƙaramin ne yake ba da hanya, ya sauka nan take. Idan kuma jirgin ya faɗo, a fara cire batirin a ajiye shi a fili na ɗan lokaci kafin a ɗauke shi zuwa gida.