Bishnupur: Yadda Ƙasa da Ruwa Suka Tsara Gari a Bengal

Garin Bishnupur yana gundumar Bankura ta jihar Bengal ta Yamma a Indiya, cikin yankin Rarh, tsakanin tuddan Chota Nagpur daga yamma da fadamun kogin Ganges daga gabas. Wanda ya ji sunan Bengal yakan ɗauka ko'ina laka ce da ruwa, amma nan jar ƙasa ce mai marmara, ga dazuzzukan itacen sal kewaye da ita.

Babbar matsalar wurin ita ce riƙe ruwa. Damina takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, sai dai marmara ba ta riƙe danshi, ƙasar kuma gangare ce. Ruwa na zuba sai ya kwarara zuwa kogin Dwarakeswar da ke arewacin garin, wanda shi ma da rani yakan janye ya bar yashi. Don haka sarakunan Malla, da suka mai da Bishnupur hedikwatarsu, suka haƙa manyan tafkuna da ake kira bandh, irin su Lalbandh da Krishnabandh da Jamunabandh. Tafkunan sun shayar da jama'a da gonaki, sun kuma zama kariya daga mahara.

Ƙasar ce kuma ta ba garin kayan gini. Da yumɓun bakin kogi aka gasa tubalin da aka gina haikalin Rasmancha a 1600, da na Shyam Rai a 1643, da na Jor Bangla a 1655. Wanda ya dubi rufin Jor Bangla zai ga bukkoki biyu ne a jere, gefen rufinsu ya lanƙwaso ƙasa yadda manomin Bengal ke yin jinkarsa don ruwa ya zube da sauri. Wasu haikalan, kamar Radha Shyam na 1758, da marmarar da aka sassaƙa aka ɗaga su.

Dajin ma yana da nasa rabon. Matan ƙauyuka na ɗinka ganyen sal su yi faranti su kai kasuwa, giwaye kuma sukan gangaro daga tsaunukan Dalma su yi ɓarna a gonakin shinkafa.

A taƙaice, Bishnupur ba ta tsaya da yalwar ruwa ba, da dabarar adana shi ta tsaya. Duk mai son kare tarihin garin, to ya fara da tafkunansa.