Daga Jaki zuwa Adaidaita: Tarihin Hanyoyin Maraɗi da Darasin da Ya Rage Mana

Ranar Litinin ko Juma'a, idan kasuwar Maraɗi ta ci, kwalta guda ce ke ɗaukar tirela mai kayan Najeriya, da motar fasinja, da adaidaita, da ɗan kabu-kabu, da amalanken jaki, da ɗan makaranta a kan keke, da tsohuwa mai tallen nono a ka. Kowanensu yana ganin hanyar tasa ce, sauran kuma sun tare masa gaba. Mai mota yana cewa masu kekuna ba su san doka ba. Mai keke yana cewa masu motoci ba su ɗauke shi mutum ba. Kafin mu raba musu gardama, 'yan'uwa malamai da iyaye, ya kamata mu waiwaya mu ga wanda ya riga wani hawa hanyar nan, da yadda aka yi doka ta zo amma saninta bai kai ga kowa ba.

Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da yaƙi ya haɗa. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Katsina ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda na Maraɗi, Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tibiri, ɗan nesa kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi. Hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu ta bakin Gulbi turba ce ta dawaki da 'yan aike da masu kai hatsi. Ta kudu, wadda ta bi Jiratawa ta nufi ƙasar Katsina, ita ce ta mayaƙa a lokacin gaba, ta fatake a lokacin sulhu.

Waɗannan turbobi suna da tsarinsu, ko da yake ba a rubuce yake ba. Ayarin fatake yana da madugu mai shugabanci da jagaba mai shiga gaba, kuma jakuna da takarkarai suna tafiya ne a jere. Mai kaya a ka yana cewa "gafara", a kauce masa, domin kowa ya san kaucewa ta fi sauƙi ga wanda hannunsa ke sake. Mahayin doki idan ya shigo cikin mutane yana jan linzami, don in dokinsa ya taka yaro, an san shi, an san gidansu. Abu biyu ne suka riƙe wannan tsari: babu wanda ya fi wani gudu sosai, kuma ba wanda ke iya yin ɓarna ya ɓace ba a gane shi ba.

Mota ce ta karya duka biyun. Da Faransawa suka kama ƙasar a farkon ƙarni na 20, sun sa an share hanyoyin mota da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Kakanninmu ne suka sare itatuwa suka ɗebo tsakuwa, amma ba don jakunansu aka yi hanyar ba. An yi ta ne don motar kwamanda da kuma gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, Maraɗi ta zama babbar matattararta a Nijar. Jakuna da raƙuma ke kawo buhuna daga ƙauyuka, manyan motoci su kwashe zuwa Kano. A shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara buɗe wata hanyar fitar da gyaɗar ta Dahome, wato Benin ta yau, zuwa tashar jirgin ƙasa ta Paraku da tashar ruwa ta Kwatano. Tun daga lokacin mai jaki ya koyi sauka daga hanya in ya ji rurin mota. Ba doka ta ce ya sauka ba, tsoro ne, kuma tsoron nan shi muka gada muka ɗauka ƙa'ida ce.

Wani abu da ya faru a 1945 yana da hannu a haɗurran da muke gani yau. A damanar shekarar Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya rushe tsohon birni da ke cikin fadama. Aka tayar da garin aka mayar da shi kan tudu, aka yanka shi da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, suna gitta juna kamar layukan allon lissafi. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da 'Yandaka da Maradawa da Limanci suka hau tudu da sunayensu, amma suka baro lungunansu masu lanƙwasa a fadama. Lungu mai lanƙwasa yana tilasta wa mutum ya tafi a hankali. Titi miƙaƙƙe kuwa yana kiran gudu, kuma a irin wannan tsari ba a yin nisa ba a tarar da mararraba mai baki huɗu ba. Mafi yawan mararrabun nan ba su da fitila, ba su da allo. Dokar da ke aiki a irinsu ita ce a ba wanda ya fito daga dama hanya. A tambayi aji guda na 'yan makarantar da ke hawa keke su wa suka taɓa jin wannan, a ga hannu nawa za a ɗaga.

Keke ya shigo ne da martabarsa. Akwai lokacin da keken Raleigh ko na Peugeot ke nuna cewa mutum malamin makaranta ne ko ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya fara kama ƙasa. Ana yi masa ado, ana goge shi, ana jingine shi a zaure. Daga baya ya zama abin neman abinci. Da aka buɗe filin noman rani na Jiratawa a farkon shekarun 1980, keke da amalanke na daga cikin abin da ke shigo da zogale da kayan miya birni da sassafe. Da babur ya yi araha, manya suka sauka daga keke suka bar wa yara da marasa hali. Ya kamata mu lura da wannan sosai: abin hawan da ya fi kowane rashin kariya a kan titi yanzu yana hannun waɗanda suka fi kowa ƙarancin shekaru.

Iyakar Najeriya ma ta bar tambarinta a kan tuƙinmu. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya tana tuƙi ne ta hannun hagu irin na Ingila, Nijar kuma ta dama irin na Faransa. Direban da ya taso daga Katsina sai ya sauya hannu idan ya ƙetare iyaka ta Jibiya ya nufo Ɗan Isa. Najeriya ta yi shiri mai tsawo na wayar da kai a rediyo da jaridu kafin ranar sauyin, kuma ƙasa guda mai ɗimbin jama'a ta koma dama a rana ɗaya. Wannan ya isa shaida cewa ana iya koya wa mutanenmu dokar hanya in an ɗauki abin da gaske.

Daga can ɗin ne kuma sababbin abokan hanya suka riƙa zuwa mana. Sana'ar kabu-kabu ta yi ƙarfi a garuruwan bakin iyaka irin su Birnin Ƙonni tun shekarun 1980, zamanin da gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyaka a 1984, ba a sake buɗe ta ba sai a 1986. Bayan shekarar 2000 baburan Sin masu rahusa suka cika kasuwa, matashin da bai da aiki ya samu abin yi cikin kwana biyu ba tare da ya zauna ajin kowa ba. Adaidaita kuwa sunanta ma daga Kano ya zo, daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma ta ƙara yawa bayan Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013. A daidai wannan lokaci garin yana ta kumbura. Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin dubu 45 a Maraɗi, ta 1988 ta sami sama da dubu 100, ta 2012 kuma 267,249. A 2015, da aka yi bikin 18 ga Disamba na Maraɗi Kwalliya, an shimfiɗa kwalta a tituna da dama. Kwalta alheri ce, amma tana cire yashin da a da yake rage wa mai babur gudu ko bai so ba.

Doka ba ta yi barci ba. Nijar ta yi dokar hanya tun 1963, ta sake sabuwa a 2014, kuma akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER. Ƙasarmu na cikin waɗanda suka amince da yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta duniya da aka ƙulla a Biyana a 1968. Akwai abin da wannan yarjejeniya ta tanada wanda mutane kaɗan suka sani: a wurinta, mai tuƙa keke direba ne, haka mai jan amalanke, haka makiyayin da ke kora garke a kan hanya. Ma'ana, mai keke yana da haƙƙin gefensa na titi, mai mota ba shi da izinin matse shi ya jefa shi rami. Ma'ana kuma, mai keke yana ƙarƙashin doka kamar kowa: ya bi dama, ya tsaya a jar fitila, ya miƙa hannu kafin ya juya, ya sa fitila da dare.

To a ina ake koyon wannan doka? A makarantar koyon tuƙi, inda masu neman takardar tuƙi ke zuwa su biya kuɗi. Yaro mai keke ba ya zuwa can. Mai amalanke ba ya zuwa. Mai tafiya a ƙasa ba ya zuwa, kuma da yawa daga masu babura a hannun abokai suka koya. Sai ga shi mun tara jama'a a kan titi ɗaya, 'yan kaɗan sun karanta ƙa'idarsa, sauran suna bin abin da suka ga ana yi. Wanda ya karanta ɗin ma, da ya ga ba kowa ke bi ba, sai ya koma ga dokar mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan shekarun su ne na ɗalibanmu, daga ajin farko har jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Holand, wadda ake misali da ita wajen kekuna, ta taɓa shiga irin wannan hali. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum kusan 3,300 a can, sama da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka tashi da gangami mai taken a daina kashe yara, suka matsa wa hukuma har aka riƙa ware wa kekuna hanyarsu, aka rage gudu cikin unguwanni. Kuma a makarantun firamarensu yara suna yin jarrabawar dokar hanya, da yawa har da gwajin hawa keke a titi. Ba mu da kuɗinsu, amma ɓangaren makarantar bai buƙatar siminti.

Malamin lissafi zai iya farawa gobe. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafar direba ta kai kan birki. Mai gudun 30 tana cin mita 8 da 'yan kai. A fitar da yara filin makaranta, a auna mita 14 da igiya, su ga tsawonta da idonsu, sannan a tambaye su ko za su ƙara tsallaka titi a guje gaban mota. A zana mararraba a ƙasa da toka, a sa yara huɗu su fito daga kusurwa huɗu, a koya musu wa ke wucewa da farko. A koya musu cewa a hanyar Tibiri ko ta Jiratawa, inda babu gefen masu ƙafa, ana tafiya ne ta hagu ana fuskantar mota mai zuwa, amma a kan keke ana bin dama. A nuna musu cewa direban tirela ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa ko dab da bayansa. Makarantun horar da malamai, irin ta Bawa Jangwarzo da ke nan Maraɗi, su ne wurin da ya dace a fara ba malaman gobe wannan darasi.

Iyaye kuma nasu aikin yana zaure. Uban da ya saya wa ɗansa keke ya duba birki da ƙararrawa da abin ƙyalli na baya, ya bi shi sau biyu ko uku zuwa makaranta don ya ga inda yake tsallaka kwalta. Kada a ba yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba makullin babur don a aike shi cefane. Hular kwano, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida idan an sa ta daidai, kuma yaro ba zai sa ba in bai ga babansa ya sa ba. Mu da ke riƙe da sitiyari kuma mu tuna cewa mai jaki da mai ƙafa sun riga mu hawa hanyar nan da shekaru sama da ɗari. Idan za a wuce mai keke, a rage gudu, a ba shi fili, a bar danna masa oda a kunne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke kan keke a bana shi ne ɗan kabu-kabu ko direban gingimari nan da shekara goma. Abin da muka koya masa, ko muka ƙi koya masa, shi zai hau titi da shi.