Kurkum, citta da masoro: abin da ke cikin girkin Ayurbeda na ƙasar Indiya

Masu sauraro da ƴan uwa da ke ƙetare, wanda ke kallon bidiyo a waya zai yi wuya bai ci karo da sunan Ayurbeda ba, ana tallar gari ko ƙwaya da shi. Ayurbeda dai shi ne maganin gargajiyar ƙasar Indiya, ma'anar sunan a harshen Sanskirit kuwa ita ce "ilimin rayuwa". Manyan littattafansa, Charaka Samhita da Sushruta Samhita, sun kai shekara dubu biyu ko kusan haka. A shekarar 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da shi da sauran magungunan gargajiya.

A wurin masanansa, lafiya tana farawa ne daga ciki. Suna cewa akwai wata wuta mai narkar da abinci, agni, in ta yi sanyi cuta ta samu ƙofa. Shi ya sa yawancin maganinsu a tukunya yake, kuma da kayan yajin da muka sani a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Mafi shahara shi ne madarar kurkum, wadda suke kira haldi dud. A tafasa madara kofi ɗaya, a zuba rabin ƙaramin cokali na garin kurkum, wato gangamau, da ɗan masoro kaɗan, wasu su ƙara citta. A bar ta minti biyar a wuta, a sauke. In za a sa zuma sai ta huce, don Ayurbeda ya hana dafa zuma. Da dare ake sha, musamman lokacin mura da tari. Jinjirin da bai shekara ba kam ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Me ya kawo masoro cikin madara? Sinadarin da ke ba kurkum launin rawaya sunansa kurkumin, kuma kaɗan ne, wajen kashi 3 cikin 100 na garin. Hanji ma ba ya tsotsarsa sosai, yawancinsa wucewa yake yi. A 1998 masu bincike a birnin Bangalor suka ba mutane giram 2 na kurkumin tare da miligiram 20 na fiferin, sinadarin da ke sa masoro yaji, sai wanda ya shiga jini ya ninka har sau ashirin. Masoron Indiya da namu ƴan gida ɗaya ne, duka suna da wannan sinadari. Maiƙon madara ko na man shanu shi ma yana taimakawa, tun da kurkumin a mai yake narkewa. Tsofaffin Indiya ba su san sunayen nan ba, amma haɗin nasu ya dace.

Kurkumin yana rage kumburi a gwaje-gwajen ɗakin bincike, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje kan masu ciwon gwiwa sun nuna sauƙi. Iyakarsa ke nan. Mai ce maku yana warkar da kansa ko ciwon suga, ku riƙe kuɗinku.

Akwai kuma kicari, abincin marar lafiya da mai murmurewa: shinkafa da wani ƙanƙanen wake da ake kira mung, a ɓare shi, a dafa su tare har su yi luguf kamar fate, da kurkum da citta da gishiri, a zuba soyayyen man shanu a kai. Ba wani asiri a ciki, abinci ne mai laushi da ciki ke karɓa ba wahala. Sai tirikatu, "masu yaji uku": busasshiyar citta, masoro da wani dogon masoro mai suna fifali, a daka su daidai wa daida. Ana lasar ɗan kaɗan da zuma don buɗe ciki. Mai gyambon ciki ya yi nesa da shi.

Cikin kayan nan duka, citta ce ta fi samun shaidar likitoci, wajen rage tashin zuciya. Gwaje-gwaje da dama kan mata masu laulayi sun nuna cewa kimanin giram ɗaya a yini yana taimakawa. Duk da haka mai ciki ta fara tambaya a wurin awo.

To, inda muke son a buɗe kunne shi ne bambancin yajin tukunya da ƙwayar kwalba. A 2022 hukumar ANSES ta Faransa ta yi gargaɗi kan ƙwayoyin kurkum, bayan an samu masu ciwon hanta cikin masu shan su a Faransa da Italiya. Irin dabarar da ke sa kurkumin shiga jini da yawa, ita ce ke sa ya wuce kima. Hukumar ta ce masu ciwon matsarmama su guje su, masu shan maganin tsinka jini kuwa kada su taɓa sai da shawarar likita. Ƴan uwa masu aiko wa tsofaffi tsaraba daga Turai, ku lura da wannan.

Wani ɓangare na Ayurbeda kuma yana sa ƙarafa cikin magani da gangan. A wani bincike da aka wallafa a 2004 an auna magunguna 70 da aka sayo a shagunan birnin Boston na Amurka, aka tarar da darma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. A Bangaladash ma an gano ana zuba wa kurkum wani launi mai darma don ya ƙara haske a idon mai saye. Darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma ba a jin ta a baki. Mu dai mun fi natsuwa da saiwar kurkum sukutum wadda ba a goge ta ta yi ƙyalli ba: a wanke, a shanya a kan tabarma mai tsabta, a daka a turmin gida.